Sharhin jarida da littafin kalmomin ɗan Hindi: me ya sa kalmar ba ta zama a ka?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne daga Katsina, ina karatun harhaɗa magunguna a wata jami'a da ke Greater Noida a ƙasar Indiya. Abokin ɗakina ɗan jihar Bihar ne, da harshen Hindi ya yi firamare da sakandare, yanzu kuma yana shirin jarrabawar neman aikin gwamnati. Kullum da sassafe yakan buɗe shafin sharhi na jaridar The Hindu, ya kwafe kalmomin Turanci 25 ko 30 masu wuya, ya rubuta ma'anarsu da Hindi a gefe. Cikin wata takwas ya cika littattafai uku, amma makinsa na Turanci a gwajin share fage bai motsa ba, kuma idan ya rubuta wasiƙa sai ka rasa inda ya dosa. Ya roƙe ni in taimaka masa. Shin hanyar ce ba ta da kyau, ko shi ne bai iya bin ta ba? Me zan ce masa?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan na fahimce ka, kana so ka san ko sharhin jarida wuri ne da ya dace mai jin Hindi ya nemi kalmomin Turanci, sannan idan ya dace, ina ne abokinka ya kauce har wahalar wata takwas ba ta haifa masa komai ba. Amsata a taƙaice ita ce wurin ya dace ƙwarai, amma abin da yake ɗaukowa daga wurin shi ne matsalar. Yana cire kalma daga cikin jimlar da ta ba ta rai, ya ajiye ta ita kaɗai kusa da wata kalmar Hindi, kuma da wuya ya sake komawa kanta. Na yi shekara huɗu a Delhi ina karatu, kuma a mafi yawan wannan lokacin ina koyar da Turanci da yamma ga samari da 'yan mata irin abokin naka, saboda haka littattafan da ka kwatanta na riƙe irinsu da hannuna sun fi a ƙirga.

Me ya kai su ga shafin sharhi?

Yana da kyau ka fara gane nauyin da ke kansa. Ƙidayar jama'a ta 2011 ta nuna cewa kusan kashi 44 cikin 100 na mutanen Indiya, wato mutum wajen miliyan 528, Hindi ne harshensu na gado. Tsarin mulkin da ya fara aiki a 1950 ya sanya Hindi harshen gwamnatin tarayya, ya kuma ba Turanci wa'adin shekara 15, amma jihohin kudu, musamman yankin Tamil, suka ƙi amincewa, har aka yi tarzoma a 1965, kuma dokar harsunan hukuma ta 1963 ta bar Turanci ya ci gaba da aiki. Har yau da Turanci Kotun Ƙoli take shari'a. Sakamakon haka shi ne yaron da ya taso a ƙauyen Bihar ko Uttar Pradesh, ya yi karatunsa duka da Hindi, idan ya zo neman aiki sai ya tarar da Turanci tsaye a bakin ƙofa. A matakin farko na jarrabawar SSC CGL, wadda ake ɗaukar masu digiri aikin gwamnatin tarayya da ita, tambayoyi 25 cikin 100 na Turanci ne. A matakin farko na jarrabawar IBPS ta jami'an banki, tambayoyi 30 ne, kuma minti 20 kacal ake bayarwa. A babbar jarrabawar UPSC, wadda ake ɗaukar manyan jami'an mulki da ita, akwai takardar Turanci mai maki 300 da dole mutum ya samu kashi 25 cikin 100 a cikinta kafin ƙoƙarinsa a sauran takardun ya yi masa amfani. A 2014 ma ɗaliban da suka yi karatu da Hindi sun yi zanga-zanga a Delhi a kan sashen fahimtar Turanci na takardar CSAT, wato takardar gwajin basira ta matakin farko na UPSC, har gwamnati ta ce ba za a lissafa makin wannan sashen ba.

Dalilin da ya sa shafin sharhi ya zama makarantarsu ba boyayye ba ne. Sharhi gajere ne, yawanci kalmomi 400 zuwa 500, ana iya gama shi kafin shayi ya huce. Ƙwararru ne suke rubuta shi, wasu ƙwararrun kuma su tace shi. Batutuwansa su ne batutuwan jarrabawa: tattalin arziki, shari'a, hulɗa da ƙasashen waje, muhalli. The Hindu, wadda aka kafa a Madras a 1878, da The Indian Express, wadda ta fara fitowa a 1932, su ne ɗalibai suka fi runguma. Idan ka bi ta unguwar Mukherjee Nagar a arewacin Delhi, inda masu shirin jarrabawa da Hindi suka fi taruwa, za ka ga shaguna suna sayar da takardun da aka riga aka tsamo kalmomin sharhin wata guda, kowace da fassararta ta Hindi, kuma a YouTube da Telegram ana yin irin wannan hidima kowace safiya. Wato abokinka bai ƙirƙiro kuskurensa ba, a kasuwa ya same shi.

Inda fassarar Hindi take yaudara

Bari in nuna maka abin da na gani da idona. Wani ɗalibina daga gabashin Uttar Pradesh, mutum mai ƙwazo da ba ya fashin aji, ya kawo mini littafinsa. Ya raba kowane shafi gida biyu da rula, Turanci a hagu da jan biro, Hindi a dama da shuɗi, rubutu tsaf kamar bugun inji. Na fara buɗawa ina bin gefen dama kawai. A shafi na 4 na ga mitigate, a gabanta an rubuta kam karna, ma'ana rage wani abu. A shafi na 11 ga alleviate, ita ma kam karna. Can gaba curtail, curb, abate, diminish, dukkansu kam karna. Kalmomi shida, ma'ana ɗaya. Sai na ce ya rubuta mini jimla a kan ciwon kai da maganinsa. Ya yi ɗan tunani, ya rubuta cewa likita ya ba shi ƙwaya to curtail my headache. A wurinsa bai yi kuskure ba, domin littafinsa ya gaya masa curtail rage abu ne, ciwon kai kuma ana rage shi.

To amma mai Turanci ba ya haɗa curtail da ciwo. Ana haɗa ta da 'yanci, da iko, da kashe kuɗi, da tafiyar da aka datse kafin lokacinta. Alleviate ita ce take tafiya da ciwo, da talauci, da wahala. Mitigate tana tafiya da haɗari, da ɓarna, da illar sauyin yanayi, wato abin da ba za a iya kawar da shi ba sai dai a rage kaifinsa. Curb daga linzamin doki ta samo asali, shi ya sa ake sa ta ga abin da yake neman ƙwacewa, kamar hauhawar farashi ko cin hanci. Abate kuwa a mafi yawan amfaninta aikatau ƙi-karɓau ce: guguwa ce take lafawa da kanta, ko fushi, ko annoba. Duk wannan bayani yana nan a cikin jimlar sharhin da ya ɗauko kalmar, shi ne ya zubar da shi ya riƙe ɓawon. Ka gwada da Hausa ka gani. Idan baƙo ya rubuta a littafinsa cewa lafa, da sassauta, da ragwanta, da tsagaita duk ma'anarsu ɗaya, ranar da zai ce maka mai shago ya lafa masa farashi, ko ruwan sama ya ragwanta, za ka gane abin da yake nufi, amma za ka san ba a cikin Hausawa ya koyi maganar ba.

Haka abin yake ga rukunin kalmomin suka. Condemn, denounce, censure, rebuke, castigate, da slam da flay na kanun labarai, sau da yawa jerin kalmomin kasuwa yakan jibge su ƙarƙashin ninda karna ko alochana karna, wato yin tir ko yin suka. Alhali censure tana ɗauke da ƙamshin hukuma, majalisa ce ko kwamiti yake yin ta a rubuce, rebuke kuma tsawatarwa ce daga na sama zuwa na ƙasa, kamar alƙali ga lauya. Jarrabawar cike gurbi a cikin sakin layi wannan bambancin take nema, shi ya sa makin abokinka ya tsaya cak duk da littattafai uku.

Akwai matsala ta biyu wadda ta keɓanta ga Hindi. Fassarar da ake bai wa ɗalibi sau da yawa Hindin hukuma ce mai nauyin Sanskrit, tsohon harshen adabi da addini na Indiya, wadda ba ita ake yi a gida ba. Inflation, wato hauhawar farashi, a takarda mudrasphiti ce, amma mahaifiyarsa a kasuwa mehangai take cewa. Fiscal deficit kuma rajkoshiya ghata. Yaron da bai taɓa fahimtar yadda giɓin kasafin kuɗi yake aukuwa ba, idan ka ba shi wannan fassara ka musanya masa duhu da duhu ne kawai. Na sha tambayar ɗalibi ma'anar kalma ya ba ni takwararta ta Hindi ba tare da gargada ba, in ce ya yi mini bayaninta kamar yadda zai yi wa ƙanensa, sai ya yi shiru.

Ta uku ita ce ƙananan kalmomin da ke manne da manya. Hindi tana sa irin waɗannan kalmomi bayan suna, kuma guda ɗaya takan yi aikin da Turanci yake raba wa huɗu ko biyar. Kalmar se kaɗai tana tsayawa a wurin from, da with, da by, da since, da than. Daga nan ne afraid from da married with suke fitowa, haka ma discuss about daga ke baare mein na Hindi, wato game da. Hindi ba ta da a, an da the kwata-kwata, kuma a nan kai Bahaushe ka fi shi sa'a, domin bambancin da ke tsakanin wani yaro da yaron ya riga ya ba ka rabin fahimtar. Mai kwafe kalma tsirara ba zai taɓa lura cewa abide tana buƙatar by, refrain tana buƙatar from, conducive tana buƙatar to ba.

Kalma 30 a rana ta yi yawa

Masanin koyon kalmomi Paul Nation, na Jami'ar Victoria da ke Wellington a New Zealand, ya nuna cewa mai karatu yana buƙatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba, kuma a 2006 ya ƙiyasta cewa karanta jarida da littattafan labari a wannan matsayi yana buƙatar iyalan kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Ka auna abokinka da wannan ma'auni. A sharhi mai kalmomi 500, kashi 2 cikin 100 kalmomi 10 ne. Idan kullum yana samun 30 da bai sani ba, yana kan kashi 94 ne, wato kusan kowane layi biyu sai ya yi tuntuɓe. A wannan hali ba karatu yake yi ba, farautar kalmomi yake yi, kuma ina da yaƙinin idan ka rufe jaridar ka tambaye shi matsayin da marubucin ya ɗauka, da ƙyar zai faɗa maka.

Wannan shi ne gwajin farko da zan so ka yi masa. Idan kalmomin da bai sani ba sun wuce 20 a sharhi ɗaya, ya sauka mataki ɗaya na wata biyu ko uku, ba abin kunya ba ne. Ya karanta labarin batun da Hindi a jaridar Dainik Jagran ko Jansatta, sannan ya karanta labarin da Turanci a shafin farko, inda harshen ya fi sauƙi, sai daga baya ya zo ga sharhi. Mutumin da ya riga ya san abin da ya faru yana iya cankar ma'anar rabin kalmomin da suka tsaya masa.

Yadda nake sa ɗalibai su yi

Sharhi ɗaya a rana ya isa, kuma karatu uku ake yi masa. Karon farko ba biro ba ƙamus, daga farko zuwa ƙarshe, sannan ya faɗi da Hindi, a jimla biyu, abin da marubucin yake so a yi da dalilinsa. A nan ne Hindi take da babban amfani, kuma ban yarda da malaman da suke haramta ta gaba ɗaya ba, domin harshen da mutum yake tunani da shi ba abokin gaba ba ne. Karo na biyu ya ja layi ƙarƙashin abin da bai sani ba, ya yi hasashen ma'ana daga jimlar kafin ya duba. Sai ya zaɓi biyar, iyaka shida. Ma'aunin zaɓin shi ne ko ya taɓa ganin kalmar a wani wuri, ko kuma yana jin zai buƙace ta a rubutunsa. Kalma irin sustainable ko accountability ko scrutiny tana gaba da wata baƙuwar kalma mai ƙyalli da marubuci ya jefo sau ɗaya don ado. Jerin kalmomin ilimi da Averil Coxhead ta fitar a shekarar 2000, mai iyalai 570, yana taimakawa wajen wannan tantancewa, kuma ana samun sa kyauta a intanet.

Abin da zai rubuta shi ne ya bambanta da na da. Ba kalma zai kwafe ba, guntun jimlar zai kwafe: curb inflation, strike down a law, come under scrutiny. Ƙarƙashinsa ya sa ma'ana da Turanci mai sauƙi daga ƙamus na masu koyo, irin na Oxford ko Longman, wanda Longman ma da kalmomi kusan 2,000 kawai yake yin dukkan bayanansa. Sannan ya sa Hindi idan yana so, amma Hindin gida. A ƙarshe ya ƙirƙiri jimlarsa a kan abin da ya shafe shi, ƙauyensu, ko ambaliyar kogin Kosi da ke addabar arewacin Bihar, ko kuɗin hayar ɗakinku. A nan ne aikinka yake, ɗan'uwa: ka riƙa duba masa waɗannan jimloli biyar, aikin minti goma ne, kuma shi ne abin da YouTube ba za ta yi masa ba. Karatu na uku da dare ne, da babbar murya, don kunne ma ya samu rabonsa.

Sai maimaici, wanda shi ne ginshiƙin da littattafansa uku suka rasa. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a farkon lokaci bayan koyo, kuma komawa kan abu a tazara yana rage ta. Ni nakan sa a koma washegari, da bayan kwana uku, da bayan mako, da bayan wata. Komawar kuma ba sake karantawa ba ce, rufe amsa ne a tilasta wa ƙwaƙwalwa ta nemo. Katin takarda ya isa, manhajar Anki ma tana tsara lokutan da kanta. Ka lissafa masa: kalma biyar a rana, kwana shida a mako, mako 50, ya kama 1,500 a shekara, kowace da abokan tafiyarta. Wannan ya fi dubu shida da suke kwance a littafi.

Wata dabarar da na ga ta fi kowace saurin ba da sakamako ita ce bin batu ɗaya na tsawon mako biyu ko uku. Kalmomin sharhi suna zuwa ne ayari-ayari tare da abin da ke faruwa. Lokacin da aka soke takardun rufi 500 da 1,000 a ranar 8 ga Nuwamba 2016, duk mai karanta jarida ya haddace demonetisation da legal tender ba tare da kati ba, saboda kullum sai ya gamu da su. Bayan 5 ga Agusta 2019, da aka janye matsayin musamman na Jammu da Kashmir ƙarƙashin sashe na 370, abrogation ta shiga bakin kowa. Da Kotun Ƙoli ta rushe tsarin takardun tallafa wa jam'iyyu a ranar 15 ga Fabrairu 2024, sai opaque, da anonymity, da quid pro quo suka cika shafuka. Kwamitin manufofin kuɗi na Babban Bankin Indiya yakan zauna sau shida a shekara, kasafin tarayya kuma tun 2017 ranar 1 ga Fabrairu ake gabatar da shi, saboda haka kalmomin tattalin arziki da kansu suke dawowa. Idan ya karanta batu ɗaya a jaridu biyu, zai ga kalma ɗaya a jimloli daban-daban, kuma zai lura cewa zaɓin kalma ɗaukar ɓangare ne: abin da wani marubuci ya kira welfare, wani freebies zai kira shi.

Game da saiwar kalma, da ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya, wato abin da ake liƙa mata a gaba ko a baya, ba zan tsawaita ba. Mai jin Hindi ya saba da wannan gini a harshensa, inda nyay adalci ne, anyay kuma zalunci, saboda haka idan aka nuna masa yadda bene da mal da anti suke aiki a farkon kalmomin Turanci, nan da nan yake kamawa. Hindi da Turanci ma dangi ne na nesa, abin da masanin harsuna ɗan Birtaniya William Jones ya ja hankali a kai a Kalkata a 1786, kuma naam (suna) da name, ko daant (haƙori) da dental, sukan sa ɗalibi murmushi. Amma saiwa tana taimakawa wajen hasashe ne kawai, ba ta gaya maka da wace kalma ake haɗa wace.

Iyakar wannan hanya

Dole in faɗa maka cewa waɗanda na koyar manya ne da suka riga suka iya karanta Turanci mai sauƙi, kuma shawarata a kansu ta tsaya. Wanda jimla mai sauƙi take ba shi wuya, nahawu yake buƙata tukuna, sharhi zai karya masa gwiwa ne kawai. Haka kuma sharhi ba ya koyar da magana. Na ga ɗaliban da suka iya rubuta exacerbate daidai amma ba za su iya tambayar hanyar tasha da Turanci ba, wasu kuma suna cusa manyan kalmomi a wasiƙar neman hutun kwana biyu har ta zama abin dariya. Turancin jaridun Indiya ma yana da nasa launi: lakh na nufin 100,000, crore miliyan 10, ga bandh (yajin aikin gama-gari) da gherao (zanga-zangar kewaye jami'i ko ofis), ga kalmomin kotu na Latin irin su suo motu da sub judice. Ga jarrabawar cikin gida waɗannan riba ne, amma wanda yake shirin IELTS, jarrabawar Turanci ta masu neman karatu ko aiki a ƙasashen waje, ko kai da za ka koma gida da takardar shaidarka, ya kamata ya san ba ko'ina ake gane su ba. Sannan tambayoyin karin magana da na musanya jimla da kalma ɗaya a jarrabawar SSC suna da nasu tsohon rumbu da ake maimaitawa, wanda takardun shekarun baya suka fi sharhi saurin koyar da shi.

Littattafan nan uku kuma kada ya jefar da su. Ku zauna ranar Lahadi, ka riƙe littafin kana karanto masa kalma, shi kuma ya sa ta a jimla da baki. Wadda ya iya, ku yi mata alama ku wuce. Wadda ya san fassararta amma ya kasa gina jimla da ita, ku ware ta, domin ita ce ta fi kusa da shiga hannu, kuma daga cikin irinta zai riƙa ɗaukar biyu kullum yana nemo musu jimla a ƙamus, ya haɗa da uku daga sharhin ranar. Wadda bai ma tuna ya taɓa rubuta ta ba, ku bar ta a inda take har sai jarida ta sake kawo masa ita.